Zan ajiye injin jirgina wata bakwai: me zan yi masa kafin na tafi, da ranar da na dawo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kwalekwale a yankin Yauri, ina ɗaukar kaya da mutane ranakun kasuwa. Injina Yamaha ne mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Bana zan koma gida noma tun daga watan Mayu, ba zan waiwayi ruwa ba sai wajen Disamba. Abokan sana'a sun ce in kwance shi kawai, in kwantar a ɗaki, in rufe da leda. Hakan ya wadatar? In na dawo kuma, ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya ba da damina mai albarka. Shawarar da aka ba ka ba ta wadatar ba, kuma wajen ledar nan ma cutarwa za ta yi. Littafin da kamfanin ke haɗowa da inji yana ɗaukar wata 2 a matsayin doguwar ajiya, kai kuwa wata 7 za ka yi, kuma watannin da ka zaɓa su ne mafi danshi a shekara. Yawancin injunan da ake kawo mana a mace bayan damina ba aiki ne ya kashe su ba, abin da aka bari a cikinsu ne: fetur a kafireta, ruwa a giyabos, da boris ɗin karanshaf da aka bari a bushe. Dukansu a rana ɗaya ake maganinsu, wato ranar da za ka fitar da injin daga ruwa. In ka ba shi yinin nan cikakke, aikin Disamba ba zai ɗauke ka dogon lokaci ba.

Ka fara da abin da ido ba ya gani. Injin mota yana da kwarya a ƙasa inda baƙin mai ke kwance. Naka ba shi da ita. Man da ka zuba a fetur shi ne yake bi ta kafireta, ya ratsa ɗakin karanshaf, ya shafi boris da fistin da ringi, sannan ya ƙone. Kullum kana aiki, kullum ana sabunta wannan shafe. Da ka tsaya, ɗan siririn man da ya rage yakan tsiyaye ƙasa cikin makonni, ƙarfe ya zauna tsirara, iska mai danshi kuma tana shiga ta bakin kafireta da ta hanyar hayaƙi. Boris ɗin nan ƙananan allurai ne na ƙarfe mai santsi. Tabon tsatsa kaɗan ya ishe su. Abin takaicin shi ne injin da boris ɗinsa ya yi tsatsa yakan tashi lafiya lau ranar dawowa, mai shi ya yi hamdala, sai bayan 'yan kwanaki a fara jin gurnani daga ciki, daga nan sai buɗe inji gaba ɗaya.

Don haka ga yadda nake so ka yi gudun ƙarshe. Ka samo durom, ka cika shi da ruwa mai tsabta, ka rataya injin a kan katako mai ƙarfi yadda ruwan zai haura faffaɗan farantin da ke saman farfela da kamar tsawon yatsa. Kada ka taɓa tayar da shi a bushe, ko na ƙiftawar ido, domin robar famfon ruwa da ruwa take samun santsi, cikin daƙiƙoƙi take ƙonewa. Ka haɗa fetur lita 2 kacal, amma da ninkin baƙin man da ka saba. Ma'aunin aikin yau da kullum na irin injinka kashi 1 ne cikin 50, wato mililita 20 a kowace lita, rabin litar mai ke nan a lita 25 ta fetur. Na wannan rana ka mai da shi mililita 40 a lita. Man kuma ya zama na injin jirgi, wanda za ka ga an rubuta TC-W3 a jikin robarsa. Man babur ko na janareta ba a yi shi don injin da ruwa ke sanyayawa ba. Ka bar shi a firi, yana ɗan sama da silo, minti 10 zuwa 15. Da haka ka cim ma abu biyu: laka da yashin kogi sun fita daga hanyoyin ruwa, cikin injin kuma ya sha mai. Wani zai ce ai ruwan Neja ba na gishiri ba ne, me ya kawo wanki? Gaskiya ne, masu aiki a Legas da Fatakwal sun fi mu buƙatarsa, amma laka in ta bushe a siririyar hanya tauri take yi, kuma ita ce ke riƙe danshi a jikin alminiyon.

Akwai man feshi na gwangwani da aka yi musamman don ajiyar inji, ana fesa shi a bakin kafireta inji na gudu har hayaƙi ya turnuƙe ya kusa mutuwa. In ka samu, shi ya fi. In ba ka samu ba, ninkin man nan da abin da zan faɗa a kan fulogi sun tsaya maka.

Yanzu kafireta. A nan ne na ɗan saɓa wa abin da aka saba yi. Mutane sukan cire tiyon mai su bar inji ya yi ta gudu har ya shanye ya mutu da kansa. Ba haramun ba ne, amma ina da ja biyu a kai. Na farko, inji yakan mutu alhali da sauran fetur a gindin kofin kafireta, kuma ragowar nan ce take zama ƙaro. Na biyu, a daƙiƙoƙin ƙarshe injin yana juyawa ne da ƙarancin mai, kai kuwa so kake ka bar shi jiƙe. Ni abin da nake yi: in kashe shi yana cikin gudunsa, in cire tiyo, in tara tsumma, in kwance ɗan sukurun da ke ƙasan kofin kafireta har ɗigon ƙarshe ya fita, in mayar. Haka ƙaramin kofin tace mai da ke gefen inji: a kwance, a zubar, a duba ko da ruwa kwance a ƙasansa, a wanke ragar, a mayar da robarsa daidai.

Me ya sa fetur ke yin haka? Sassansa masu sauƙi, waɗanda ke sa inji ya kama da jan farko, su ne ke fara tashi a zafi. Abin da ya rage yakan haɗu da iska ya yi kauri, ya yi ja, ya yi wari irin na tsohon fenti. Ramin jet ɗin silo, wato ɗan bututun da fetur ke bi a cikin kafireta, bai fi tsinin allura ba, ba ya buƙatar datti mai yawa kafin ya toshe. Ga kuma halin man da muke saye a bakin ruwa, daga durom zuwa jarka zuwa galan, ba ka san abin da ya haɗu da shi ba. Ba mu manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol Najeriya har hukuma ta amsa da bakinta, motoci suka yi ta lalacewa. Irin waɗannan sinadarai suna jawo ruwa daga iska, suna kuma cin roba. Na san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu mai son ya ga lita ɗaya ta salwanta, shi ya sa ake barin rabin tanki wai sai an dawo. Kada ka yi haka. Abin da ya rage a tanki ka sayar wa abokin sana'a da zai ƙona shi a makon nan. Tankin ka juye shi tas. In na ƙarfe ne, ka zuba ɗan baƙin mai ka jujjuya ya shafi ciki. Tiyon mai da robar matsawar da ke tsakiyarsa a tsiyaye su, a naɗe ba tare da lanƙwasa mai tsanani ba, a sa a inuwa. Tanki ko babu komai a ciki tururin fetur na nan, saboda haka ba a ajiye shi a ɗakin kwana ko kusa da murhu.

Sai fulogi. Ka cire maƙallin igiyar kashe inji tukuna don kada wuta ta tashi. Ka kwance fulogan biyu, ka zuba cokalin shayi ɗaya na baƙin mai mai tsabta a kowane rami, ka ja igiyar tayarwa a hankali sau biyar ko shida, ka mayar da tsofaffin fulogan. Sababbi ka adana su sai an dawo.

Giyabos shi ne wurin da aka fi yi wa sakaci, don yana ƙasa, ba ya ƙara, ba ya hayaƙi. Sukuru biyu ne a jikinsa. Inji na tsaye, ka tara kwano, ka kwance na ƙasa, sannan na sama, man ya zubo. Ka tsaya ka dube shi da kyau, domin shi zai gaya maka lafiyar gindin injin. In ya fito baƙi-baƙi ko ruwan zuma, tsufa ne kawai. In ya fito fari-fari kamar an dama da madara, ko ka ga ruwa ya riga mai fitowa, to sil, wato zoben robar da ke hana ruwa shiga giyabos, ya mutu. Sukurun ƙasa a yawancinsu yana da maganaɗisu: garin ƙarfe mai laushi ba abin damuwa ba ne, amma ɓarɓashin da yatsa ke ji alamar haƙoran giya ne ko boris. Duk wanda ya ga farin mai ya gyara sil kafin ya tafi gona, kada ya ce sai ya dawo, domin wata 7 ruwa na kwance a kan giya ya ishe shi ya cinye ta. Wajen zuba sabo, man giya mai lamba 90 ake sawa, kuma ta ramin ƙasa ake tura shi har sai ya ɓullo ta na sama, saboda in ka zuba ta sama iska za ta tare, ka zaci ya cika alhali rabi ne. Ka ɗaure na sama tukuna, sannan ka zare bakin robar ka yi maza ka ɗaure na ƙasa. 'Yan washoshin da ke jikin sukurun a sa sababbi; kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, kuma ta nan ruwa kan shiga sau da yawa.

Abin da ke kashe sil ɗin nan a ruwanmu sananne ne: zaren kamun kifi. Duk inda ake jefa kalli da mamari, guntun zare na yawo a ruwa. Yakan naɗe a bayan farfela inda ba a gani, zafin juyawa ya narkar da shi ya zama kamar zobe, ya yi ta cin leɓen sil. Ka zare fil, ka kwance noti, ka fitar da farfela da washoshinta, ka jera su yadda suka fito don kada ka juya na baya wajen mayarwa. Ka tsince zaren, ka goge sandar, ka shafa giris irin wanda ruwa ba ya wankewa. Farfelar da aka shekara ba a cire ba takan manne da sandarta, ranar da kututture ya fasa ta a tsakiyar tafki ba za ta fitu ba. Da girishin a hannunka, ka bi duk inda ke motsi: wuyan da inji ke juyawa, wurin ɗaga shi, sukuran da ke damƙe shi da jirgi, sandunan totur da na giya. Ɗan ƙarfen nan mai toka-toka da ke saman farfela an sa shi ne don ruwa ya ci shi a madadin jikin inji. Ba a yi masa fenti, in ya cinye ya haura rabi a canza.

Wajen ajiya, a tsaye ake barin inji, a rataye a katako, kai sama farfela ƙasa. Ka bar shi haka ruwan ciki ya tsiyaye gaba ɗaya. In dole ta sa sai an kwantar, to bayan ya tsiyaye ne, kuma a tokare kan ya fi gindin tsawo, domin in farfela ta fi kai bisa, ragowar ruwa zai bi hanyar hayaƙi ya gangara cikin silinda. Masu sababbin injuna da ke da kwaryar baƙin mai daban su ƙara kula, su gefe ɗaya kawai aka yarda a kwantar da su, in ba haka ba man ya malale cikin silinda.

Leda kuwa, rana ta yi zafi dare ya yi sanyi, sai ta yi gumi ta ciki, gumin ya ɗiga a kan inji, ba shi da hanyar fita. Tsohon zane ko buhun algarara ya fi, yana tare ƙura yana barin iska. Ɗakin ya zama ba ya yoyo. Kuma tunda noma za ka yi, ga abin da na fi jin tsoro: kada injin ya kwana ɗaki ɗaya da buhunan takin zamani ko gishiri. Taki yana jan danshi, ƙurarsa kuma tana cin alminiyon da kawunan waya. Sai ɓera, wanda ke son ƙarƙashin murfin inji don yin sheƙa, ya gaigaye wayoyin wuta da tiyon mai. Da zanzaro, wanda duk ƙaramin rami ya gani sai ya cika shi da laka. Ka toshe bakin shigar iska da tsumma mai ɗan mai, ka sa ɗan tsinke a ramin da ruwa ke tsartowa ta baya, ka ɗaura jan ƙyalle a hannun totur don ya tuna maka akwai abin cirewa. Lambar injin tana kan ɗan faranti a jikin maƙallinsa. Ka ɗauki hotonta a waya, ka sa sarƙa da kwaɗo.

In akwai wanda ka amince da shi a gida, sau ɗaya a wata ya ja igiya a hankali sau uku ko huɗu, maƙallin kashewa a cire. Iyakar abin da zai yi ke nan. Kada ya ce zai tayar da shi ya ɗumama: gudun minti biyu tururi yake tarawa a ciki, ya kuma mayar da fetur cikin kafiretar da ka sha wahalar zubarwa. In injinka mai makulli ne, batir a cire shi, wayar baƙa tukuna, a goge kawunansa, a riƙa yi masa caji duk wata. Cikakke yana nuna kusan bolt 12.6, in ya sauka ƙasa da 12.4 yana neman caji, in ya daɗe a ƙasa kuma ba ya komawa yadda yake.

To, Allah ya kai mu Disamba. Hannu zai yi ta ƙaiƙayin jan igiya, ka daure. Ka buɗe murfi ka duba da ido da hanci: kashin ɓera, wayar da aka gaigaya, gidan zanzaro, tiyon da ya tsage. Ka cire tsumma da tsinke. Ka kwance fulogai ka ja igiya sannu. Ya kamata ya juya sumul, yana fesar da ragowar mai. In ya cije, kada ka sa ƙarfi, kada ka ɗora sifana a notin sama ka taka. Ringi ne ya kama bango, ƙarfi karya shi zai yi. Ka zuba mai a ramukan, ka ba shi kwana biyu ko uku, kana ɗan motsa faifan sama da hannu gaba da baya. In ya ƙi, aikin makanike ne.

Robar famfon ruwa ita ce abin da zan roƙe ka kada ka yi wa rowa. Fukafukanta a lanƙwashe suke zaune a cikin gidansu, in sun yi watanni a haka cikin zafi sukan sandare, wani lokaci su karye a tashin farko, guntayen su shige hanyar ruwa. A ruwa mai yashi irin namu, ni shawarata a canza ta duk shekara, kuma babu lokacin da ya fi wannan dacewa. A duba farantin da take gogawa a kai, in ya yi zurfin zane a haɗa da shi.

Ka haɗa sabon fetur, tankin farko da ɗan ƙarin mai kaɗan ba laifi. Ka buɗe ɗan sukurun iska na murfin tanki, ka matsa robar tiyo har ta yi tauri. In ta ƙi tauri, ko ka ga fetur na zuba daga kafireta, allurar fulot, wadda ke tsayar da fetur in kofin kafireta ya cika, ita ce ta maƙale, ko tiyo na shan iska. A gyara kafin a je ga wuta. Ka tayar da shi a durom ko a bakin gaɓa da tsofaffin fulogan nan, su sha hayaƙin man ajiya, wanda zai yi yawa na 'yan mintoci, ba matsala ba ce. Idonka kuwa ya tsaya a kan tsartuwar ruwa ta baya. In inji ya kama ba ka ga ruwa ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, kashe shi nan take. Ka zura zaren kamun kifi mai kauri a ramin, ban da ƙusa ko waya, ka sake gwadawa. In har yanzu shiru, famfo ne, kada ka ƙara ja. Hayaƙi ya lafa, sai ka sa sababbin fulogai.

Akwai alama ɗaya da ake rainawa: inji ya ƙi tsayawa a silo sai an ja cok, ko ya riƙa tari yana shaƙewa in an ba shi totur. Direbobi sukan ce zai washe a hanya. A irin injinka wannan ganganci ne, domin hanyar da fetur ke bi ita ce hanyar da baƙin mai ke bi. Jet ya toshe rabi, to man shafawa ma ya ragu rabi, zafi ya ƙaru, fistin ya kama. A manyan injuna masu kafireta fiye da ɗaya abin ya fi muni, don sauran silinda za su yi ta jan wadda ke gudu a bushe ba tare da direba ya lura ba. A sauke kafireta a wanke, a busa jet da iska. Kada a soka masa allura, ramin zai faɗaɗa, inji ya koma shan mai har abada.

Fitar farko ba ranar kasuwa ba ce, kuma ba da fasinja ba. Rayukan mutane kake ɗauka, injin da ya mutu a tsakiyar ruwa da jirgi cike ba ƙaramin abu ba ne. Ka fita kai da yaronka, da filafili da gora da rigar kariya, da igiyar kashe inji ɗaure a hannunka. Ka nufi sama, wato ka tunkari ruwa, don in ya tsaya igiyar ruwa ta dawo da kai gida. Ka bi hanyar da ka sani kusa da gaɓa. Tun da aka kammala dam ɗin Kainji a 1968 itatuwan da ruwa ya shanye suna nan a ƙasa, kuma tsawon ruwan Disamba ba shi ne wanda ka bari a Mayu ba. Minti 15 na farko rabin totur, kana sauraro, kana duban tsartuwar ruwa, kana taɓa shi ka ji ɗumi ne ba zafin ƙuna ba. Ka gwada giyar gaba da ta baya, sannan ka buɗe masa a hankali. Da kun dawo ka sake ɗaure sukuran da ke riƙe inji da jirgi, katako yakan motsa bayan dogon zama. Bayan fita biyu ko uku, ka ɗan sassauta sukurun ƙasa na giyabos ka ga launin ɗigon farko. In ya fito garau, sil ɗinka lafiya yake, sai ka koma canza man giya duk bayan awa 100 na aiki.